Surukina Ya Musanya Mini Jan Fenti

Zuwa ga mai filin shawarwari,

Don Allah a taimake ni, abin nan ya daɗe yana cina kuma duk wanda na kai wa ƙara sai ya yi murmushi ya ce in yi haƙuri. Ni ban yi makaranta ba, maƙwabcina ne ke rubuta mini, na kuma ce kada ya gyara mini magana.

Tsohon direba ne ni. Da na ajiye aiki, motar da ta rage mini ita ce baƙar nan da na yi rabin rayuwata a cikinta. Burina tun ina saurayi in hau jar mota, ja wur, wadda in ta shigo layi kowa zai ɗaga kai. Mijin 'yata kuwa mai fentin mota ne, har layi ake yi a garejinsa. Wata rana na ga motar wani likita da ya fesa, ja kamar a taɓa jini ya fito. Na ce irin wannan nake so. Ya ce to.

Da na kai mota, sai ga shi da samfefa zai kankare ta, wai sai ya cire baƙin ya shimfiɗa fari tukuna. Na ce a'a. Ni ja na ce, ban ce fari ba. Kuma wannan ƙarfen zamanin da ne, ba gwangwanin yanzu ba, ba wanda zai goge mini shi ya sirance. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya rufe, na fara tuƙi ba a haife shi ba. Na ɗauko kujera na zauna ina kallo. Amma da aka zo feshi sai ya ce in fita, wai ƙura da wari, ya rufe ƙofa. To me ake ɓoyewa?

Da aka buɗe, wallahi launin hanta na gani. Abokaina a bakin tasha har yau suna ce mini mai hanta. Likita kuwa yana wucewa da tasa tana walƙiya. Ni na san abin da aka yi: gwangwanin fentin kirki na masu babbar riga ne, ni da nake na gida aka surka mini ragowa. Na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Mai gaskiya yana sunkuyar da kai?

Tun daga nan na hana shi shiga gidana. 'Yata takan zo da yara, shi ya tsaya a bakin titi cikin mota. Yanzu ta zo tana kuka, wai ya yarda zai sake fentin, amma in bar masa motar kwana da kwanaki, kuma ban da kujera. Ta ce ta gaji da raba ƙafa, in na ƙi, ita ma za ta riƙa tsayawa a titin. Ni kuma ina tsoron wanda ya musanya fenti ido na ganin ido, in an bar masa inji me zai yi? Shekara da shekaru ba wanda ya ba ni amsa. Kai dai ka faɗa mini: ina jan da na zaɓa ya tafi?

Tsohon Direba

Amsa:

Baba, na ji ƙorafinka, kuma ba zan ce ka yi haƙuri kawai ba. Mutum ya yi shekaru yana burin abu, ya samu wani daban, a kuma riƙa yi masa dariya, dole ransa ya ɓaci.

Na kai tambayarka wurin masu sana'ar. Sun ce jan fenti, musamman mai haske, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa sosai. In aka fesa shi a kan fari sai ya fito wur, in a kan baƙi ne sai ya yi duhu, ko da daga gwangwani ɗaya aka zuba. Samfefa kuma tsohon fenti take ci don sabo ya kama, ba ƙarfe ba. Rufe ƙofa lokacin feshi kuwa kowa suke yi wa, har likitan. Ina kyautata zaton jan da ka zaɓa yana jikin motarka, baƙin da ka hana a cire ne ya danne shi.

Shi ma surukinka yana da laifi. Ya san abin da zai fito, ya kamata ya tsaya ya fahimtar da kai, ko ya ƙi aikin. Nauyinka ya ji ya yi shiru, shirun kuma ya bar ka da zargi.

Kada ka ɗauki maganata, ka gwada da idonka. Ka sa ya kawo ƙarfe biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, ka buɗe gwangwanin da hannunka, ya fesa su a gabanka. In launin ya fito iri ɗaya, ka sake rubuto mini, ni da kaina zan ba ka haƙuri a wannan fili. In ya bambanta, ka ba shi motar. Maganar inji kuwa, makanikin da ka amince da shi ya duba kafin a kai da bayan an dawo da ita.

Amma gwajin nan a tsakar gidanka za a yi shi, Baba, kuma kai za ka fita titi ka ce masa ya shigo. 'Yarka ta gaya maka inda ƙarfinta ya ƙare, kada ka bari ta kai can. Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita tsakaninku.