Mama Ta Ƙi Buɗe Baki, Yaya Na Son A Sa Mata Roba

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da an ce na gaji da mahaifiyata ba.

Mamanmu tela ce, shekara arba'in tana kan keken ɗinki. Da ƙarar keken nan muka tashi, da ita muke sanin gari ya waye. Har yau in na rufe ido ina ganinta a bakin taga, tef ɗin awo rataye a wuya, alli a bayan kunne, ta jera fil a leɓenta, irin ƙananan alluran nan da ake kafe yadi da su. In fil na bakinta ba ta magana, da ido take mana faɗa, kuma wallahi harararta ta fi bulala zafi. Sai ta gama ta zuba su a wani ɗan gwangwani, sannan mu ji sauran laifinmu dalla-dalla.

Shekara shida ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta. Da farko almakashi take nema alhali yana hannunta, muna ta mata dariya, Allah ya yafe mana. Daga baya ta manta sunana. Ta ɗauke ni mai kawo ɗinki, kullum sai ta ba ni haƙuri wai in dawo jibi kayana ba su kammala ba. Ciwo ya cinye komai, amma bai taɓa alƙawarin tela ba. Yanzu ko wannan maganar ta ɗauke, ina kewarta ƙwarai.

Wata biyu da suka wuce ta daina cin abinci. Sai ta matse leɓe gam, ta kau da kai. Muka kai ta asibiti aka sa mata robar abinci ta hanci, ta fizge sau biyu, har aka ɗaure mata hannu a jikin gado. Hannun da ya ɗinka mana kayan makaranta, Anti! Na kasa kallo, muka dawo da ita gida. Ana nan wata rana ina riƙe da cokali na lura da yadda ta matse bakin, sai na gane wannan bakin: haka take yi in fil na leɓenta. Na ɗauko tsohon gwangwanin na tara mata a haɓa. Ta sunkuya ta yi kamar ta zubar da fil, ta buɗe baki ta karɓi cokali huɗu. Tun ranar haka muke yi, wata rana biyar, wata rana biyu.

Likita ya ce ciwon ya kai ƙarshe, zaɓi na gare mu. Yayana, wanda ke aiki nesa, ya ce cokali huɗu ba abinci ba ne, barin ta haka kisa ne da yunwa, a mayar da ita a sa robar. Ranar Asabar zai zo da mota. Ni kuma ina son ta ƙarasa a ɗakinta, kusa da kekenta. Shin son kaina nake yi? Ina tsoron in ɗauki alhakinta.

'Yar autar tela

Wa alaikumus salam, 'yar auta. Ki share hawayenki. Wadda ta gaji da uwa ba ta tsayawa ta karanci leɓenta haka.

Amma kada ki mayar da Yayanki abokin gaba. Yana nesa, ba abin da yake iya yi mata, robar nan ita ce kaɗai abin da yake gani zai riƙe mahaifiyarsa da shi. Tsoro ne ke magana a bakinsa, irin wanda ke cin ki.

Ni ba likita ba ce, sai dai na san likitoci da yawa na cewa idan ciwon mantuwa ya kai wannan matsayi, jiki da kansa ke rage neman abinci, kuma roba ba lallai ta ƙara kwana ko ta rage wahala ba. Kada wannan magana ta fito daga bakinki. Ranar Asabar ku shiga motar ku biyu, ku bar Mama a gida da mai kula da ita, ku je wurin likitanta. Yaya ya tambaya da kansa: me robar za ta ƙara mata, me za ta ɗauke mata? Ku kuma nemi ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa leƙo ku, ta nuna miki yadda za ki zaunar da ita don kada ta ƙware, da yadda ake jiƙa mata baki da juya ta a kan gado, a kuma duba ko akwai ciwon da ta kasa faɗa.

In kun dawo, ki miƙa wa Yaya cokalin ya ciyar da ita da hannunsa, kafin kowa ya yanke hukunci. Ke ma ki samu mai karɓar ki, ki yi barci.

Abu na ƙarshe, kuma gara ki ji shi tun yanzu: akwai ranar da za ta ƙi ko cokali ɗaya, duk dabarar da kika yi. Ranar ba ke kika gaza ba. Ki ajiye cokalin, ki riƙe mata hannu, ki kira Yayanki ya zo. Allah ya sassauta mata, ya haɗa kanku, ya saka miki da 'ya'yan da za su kula da ke haka.

Anti