Kafin a Haska Fim Ɗin a Filin Lakwal

Zuwa ga Rahinatu, sanyin idona, ruwan farko bayan dogon rani, barewar dajin arewa, inuwar gawo ga wanda rana ta dafa!

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Baba Mainassara.

Ya ke farin wata, kin ji radiyo na ta shela cewa Asabar mai zuwa za a haska fim ɗin tarihin hana bauta a filin lakwal, wato makaranta? Duk Dakoro ta ɗauka, masu shayi ba su da wata hira. Ke ma kin ce mini kin ƙagu, har kin kai ɗinki wurin tela. Ni kuwa kullum sai na wuce hoton tallarsa a bakin tasha, in tsaya, in duba. Ba tsoro, ba murna. In dafa ƙirjina, shiru.

Tsohuwar da ke cikin hoton, mai baƙin lulluɓi, kakata ce, Hamsatu. Ita ta haifi uwata, ita ta goye ni.

Bara waccan masu fim suka zo daga Yamai, ni na kai su wurinta a Azagor. Ta zauna gaban kamara ta ba su labarin yadda aka haɗa ta da raƙuma biyu cikin kayan wata amarya tana 'yar shekara bakwai, da yadda ta shekara talatin tana jan guga don dabbobin da ba nata ba, alhali an daɗe da cewa an hana. Ta nuna musu tabon ƙarfe a idon sawunta. Ni na yi tafinta. Za ki ji muryata, Rahinatu, za ki ji na kira ta kakata da bakina. Ta rasu da daminar bana. Na sa ta a kabari da hannuna, har yau hawaye bai zo mini ba.

Kin tuna ranar da kika koro tumakin gidanku wurin da nake yi wa dabbobi allura, muka fake gindin aduwa kina ɓare mini gujiya? Dariyarki ranar, wayyo, kamar tattabaru sun tashi gaba ɗaya! Kika tambaye ni dangina, na ce makiyaya ne daga arewa. Ban yi ƙarya ba, amma na rage. Me ya fi wannan ciwo, a ɓoye wa wadda ake so uwar uwarka?

Baba Mainassara zai gani. Na san abin da ake faɗi a zaure idan an zo binciken asali. Kawuna Yazidu ya ce in roƙi masu fim su cire muryata kafin mu kai goro gidanku. Na ƙi. Ba jarumta ba ce, bakina ne ya kasa.

Zumar raina, ban ce ki saɓa wa iyayenki ba. So nake ki ji daga gare ni kafin ki ji daga lasifika, shi ke nan.

Ran Lahadi da safe zan tafi allurar garke a daji, sati uku, inda waya ba ta kamawa. Ki bar amsarki wurin ƙanwata Lalla, ko da kalma ɗaya ce. In ta ce mini babu komai, zan gane, ba kuwa zan yi miki Allah ya isa ba. Amma ki sani ba zan taɓa tsayawa ƙofar wani gida da sunan neman aure ba bayan naku.

Naki, yau da ranar da zan kwanta dama,
Attaher