Garin da Baba Yake Haɗawa

Litinin, 3 ga Maris

Mahauci ya zo duba 'yan ragunan. Ya daɗe yana latsa bayansu, sannan ya ce, "Na bara ma haka suka yi. Nama da tauri, ga ƙarni. A da in na ce na gidan tsohonka ne, ba na talla." Biyu kawai ya ɗauka, su ma don kunya.

Alhamis, 6 ga Maris

Shekara biyu ke nan da na karɓi garken daga hannun Baba. Abin da na fara yi shi ne hana garin nan da yake dakawa yana barbaɗa musu a dusa. Na ce masa a makarantar noma ba a koya mana kiwo da kayan miya ba. A gaban mutane na faɗa, har aka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya ɗauki turminsa ya shige gida. Bayan wata huɗu ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke.

Ban san me ya sa abin ya dawo mini yau ba. Ƙarya nake, na sani.

Asabar, 15 ga Maris

Likitar dabbobi ta zo da wani gwaji. Za a raba 'yan raguna goma gida biyu, biyar a riƙa sa musu wani garin ganye a abinci, biyar a bar su yadda suke. Ina buɗe ledar ƙamshin hulba da tafarnuwa ya buge ni. Ƙamshin rigar Baba sak. Tana ta bayani, wai yana buɗe musu ciki, yana gyara nama. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar yau na fara ji.

Laraba, 2 ga Afrilu

Awo. Masu cin garin sun wuce sauran da kusan kilo ɗaya. Sau biyu na sake, ina fatan sikelin ne ya lalace.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na tambayi Inna abin da Baba yake sawa. Ta ce hulba, busasshiyar tafarnuwa, zogale, da wani ɓawon itace da ba ta san sunansa ba. "Ni daka kawai nake taya shi. Awon a hannunsa yake. Sau nawa ya kira ka ka zo ka gani?"

Sau uku. Ina zuwa, ina zuwa, har yau.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na haɗa nawa da ka, na ba waɗanda ba sa cikin gwajin. Ashe na cika tafarnuwa. Uku suka kama zawo, ƙaramin mai baƙin kunne bai kai la'asar ba. Likita ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi ganye ma magani ne, yana da awonsa. Da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 22 ga Afrilu

Yau ma daga bakin ƙofa na gaida Baba.

Litinin, 5 ga Mayu

Gwaji ya ƙare. An yanka ɗaya daga kowane ɓangare, ba a gaya wa mahauci wanne ne wanne ba. Ya sa wuƙa, ya shinshina, ya nuna mai garin. "Wannan ya yi kama da na tsoho. Kama dai."

Likita ta ce wane tsoho? Na ba ta labari, na tsallake wajen dariyar. Ta ce tana so ta yi masa tambayoyi. Na ce ai ba ya magana. Ta dube ni ta ce, "Amma yana ji ko?"

Yana ji. Fiye da shekara ɗaya da rabi ban ce masa komai ba sai ga magani, ga ruwan wanka.

Talata, 13 ga Mayu

Na shiga na zauna bakin gadonsa. Haƙuri na je bayarwa, abin da ya fito daga bakina nauyin raguna ne, ɗaya bayan ɗaya. Yana kallon bango. Da na zo kan mai baƙin kunne sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, ya matse. Faɗa ne ko lallashi, ban sani ba. Ban janye ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Kwana shida ke nan ina ɗauko Baba da hantsi in zaunar da shi a kujera bakin garke. Na ce wa Inna don ya sha iska ne. Ta ce to.

Nakan ɗebi hulba a tafin hannu in nuna masa. In ta yi yawa sai ya rufe ido. Ɓawon itacen har yanzu, iri huɗu na kawo duk ya kau da kai. Yau na cika zogale da gangan, ya buga sandarsa a ƙasa, ya harare ni irin hararar da.

Gobe zan kawo ɓawo na biyar. Iskar dai tana yi masa amfani.