Jini a Kan Irin Dawa

Ƙarfi,
21 ga Mayu, 1979.

Zuwa ga ɗan'uwana cikin Ubangiji, Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fatan kana lafiya, kai da Jane da jaririyarku. Yaya Funtua, yaya aikin kamfanin auduga? Na ji ka sayi keke har kana wuce mutane ba gaisuwa. To, Allah ya sa alheri.

Istifanus, ina cikin matsi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai. Ka tuna taron matasa na Ista da muka yi a Malumfashi shekara huɗu da suka wuce, da muka kwana uku a ajin firamare kana hana mu barci da minshari? Rana ta ƙarshe mai wa'azi ya ce kowa ya rubuta abu guda da zai bari saboda Allah. Kai ka rubuta burukutu, muka yi ta dariya don ko warinta ba ka iya jurewa. Ni kuwa na rubuta cewa hannuna ba zai taɓa riƙe wuƙar tsafin gidanmu ba. Da hawaye na rubuta, kuma ban taɓa jin Allah kusa da ni kamar ranar ba. Amma a lokacin, mahaifina Baba Labo yana da ƙarfinsa.

Ka san al'adar gidanmu. Ba a jefa ko ƙwaya ɗaya a gandu sai an yanka jan zakara a gindin tsamiya an ɗiga jininsa a kan irin dawa. Mai gida ne ke yankan, in ya kasa sai babban ɗansa, wato ni. To, tun rani hannuwan Baba ke rawa, ko ludayin koko ba ya kai wa baki sai rabi ya zube. Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Jiya da safe ya kira ni, ya ajiye wuƙar a gabana. Na durƙusa na ce ya gafarce ni, ba zan iya ba. Ya bar ta nan a gabana, bai ɗauke ta ba.

Mu goma sha tara ke ci daga gandun nan. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Habila Labo.

Ƙarfi,
28 ga Mayu, 1979.

Ɗan'uwana Istifanus,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya, direban motar kasuwa ya kawo mini wasiƙarka. Na gode. Ka ce in tsaya da ƙarfi, in abin ya yi zafi in taho Funtua akwai ɗaki. Kai da aka haifa a gidan fasto, tsayuwa da ƙarfi ba ta yi maka wuyar rubutawa. In taho in bar su da wa?

Maƙwabta sun gama shuka, tasu har ta fara tsira. Namu gandun yana nan fayau kamar filin ƙwallo, danshi na ta tafiya. Ƙanena Shitu ya ce a ba shi wuƙar, Baba ya ce ba za a karɓa daga hannunsa ba muddin ina raye. Yanzu Shitu ko kallona ba ya yi. Inna Rakiya, uwar da ta haife ni, ta zo ɗakina ta durƙusa mini, ta ce in rufe ido in yanka, Allahna ai mai gafara ne. Na je wurin mai bisharar ƙauyenmu, Malam Atu. Muka yi addu'a, ya yi kuka tare da ni, amma na fito da kayana kamar yadda na shiga.

Abin da ke cina shi ne Baba bai taɓa zagina ba. Shi ya bar ni na tafi makarantar mishan duk da surutun dangi. Shi ya ɗauke mini aikin gandu ran Lahadi don in je sujada. A taron nan an koya mana biyayya ga Allah, an kuma koya mana girmama iyaye, ba wanda ya gaya mana abin yi ranar da su biyun suka rabu. Ko gayaunata, 'yar gonar kaina, na kasa shukawa, don kunya. Na ɗauko takardar alkawarin nan da na rubuta a Malumfashi sau biyu in yaga, hannuna ya ƙi.

Naka cikin damuwa,
Habila.

Ƙarfi,
5 ga Yuni, 1979.

Istifanus,

Ina gaishe ku duka, da fatan jaririya ta warke daga murar.

Mun yi shuka. Ran Alhamis aka sake ruwa, Juma'a da hantsi Baba ya sa aka kai masa masakin iri da zakaran gindin tsamiya, ya ce shi zai yi da kansa. Ya hana kowa taimaka masa. Ina tsaye nesa kaɗan ina kallo. Ya taka fukafukin zakaran, ya ɗaga wuƙa, hannun na ta rawa. Wuƙar ta zame ta tsaga masa tafin hannun hagu, zakaran ya kufce ya shige kara. Jinin Baba ne ya zuba a kan irin, da yawa kuwa.

Na ruga na yaga rigata na ɗaure masa. Ya daɗe yana duban masakin, sannan ya ce jini dai ya taɓa iri, a je a shuka. Ni na ɗauki ƙwarya ina bin Shitu yana sara da sungumi. Duk ramin da na jefa wa dawar nan, jinin ubana nake binnewa.

Na cika alkawarina, ɗan'uwa. Na ɗauka zan ji daɗin da na ji a ajin nan na Malumfashi, ban ji ba. Amma ban ji Allah ya bar ni ba, kuma na san ko yau aka sake ajiye mini wuƙar amsata ɗaya ce. Wannan shi ke ba ni tsoro.

Tun ranar Baba bai yi mini magana ba. Sai dai kullum da safe in na je gaishe shi, yakan miƙo mini hannun in wanke in sake ɗauri, ba ya yarda kowa ya taɓa sai ni. Yau ina cikin ɗauri na ga Inna ta kama zakaran nan ta sa a akurki. Ta ce Baba ne ya ce a ajiye shi saboda baɗi.

Kada ka daina yi mana addu'a.

Naka har kullum,
Habila Labo.