Turken Iyaka a Gonar Zra

Zuwa ga 'yata Kuve, a Marwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki? Mu nan kan dutse lafiya lau, dawa ma ta yi kyau bana.

Na ji har da ke cikin masu awon ƙasa da za su zo kafa turakun iyaka tsakanin Kamaru da Najeriya. Ƙanena Deli sai tsokanata yake a kasuwa, wai, "Zra, ka kai yarinya boko, ga shi za ta raba ka da matarka!" Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Kin san kabarin mahaifiyarki yana can ƙarshen gona, bakin rafi. Ki ɗan lallaɓa na'urar taku ta bar mini shi ɓangarenmu.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Zra

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan ka dawo lafiya.

Mun iso ƙauye ranar da ka tafi biki Mokolo. Baba, na'urar nan ba ta lallaɓuwa. Kafa ta muke yi bisa ƙafafunta, ta wuni tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, sannan ta faɗa mana daidai inda muke tsaye a doron ƙasa. Layin kuwa ƙasashen biyu sun riga sun amince da shi. Ni da kaina na maimaita awon, ko za a dace. Gida da gona suna Kamaru. Kabarin Inna ya faɗa Najeriya.

Ba wanda zai hana ka zuwa wurinta, na tambaya. Amma na kasa jiran dawowarka, don ban san da wane ido zan dube ka ba. Ka yafe mini.

'Yarka, Kuve

'Yata,

Gaisuwa. Share hawayenki.

Na ga turken. Simintin ya yi kyau, har jingina nake da shi in na gaji da noma.

Akwai abin da ba ki sani ba. Mahaifiyarki a ƙetaren rafin nan aka haife ta, ɓangaren Najeriya. Kowace shekara takan ce, "Zra, in an gama girbi zan je gida in daɗe." Ni kuma in ƙirƙiro dalilin hana ta, har ta rasu. Abin da na kasa yi mata, ke kin yi.

Deli ya ce yanzu sai da biko. Kullum da safe ina zuwa.

Ki zo girbi.
Babanki, Zra