Gonar gwaji ta garinmu ko labon ɗalibaina, an ce in zaɓi guda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sa mini wannan ba tare da sunana ba, kuma ba zan faɗi sunan jami'ar ba, wanda ya gane ni ya rufa mini asiri. Don girman Allah ku taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle, na gaji har ba ni iya dogon tunani.

Ni mace ce, malama a wata jami'ar gwamnati, sashen ilimin noma, kuma a halin yanzu ni ce shugabar sashen. Ba nema na yi ba, waɗanda sunka girme ni kowa ya zame, anka ce ke ce mai haƙuri. Asalina ƴar wani ƙauye ce cikin ƙasar Keita. Wanda ya san wajenmu ya san cewa da yawa cikin gonakin da ake nomawa yanzu da hannu anka maido su, kuma mata ne sunka fi yin aikin. Innata tana cikinsu. Ina ƙarama nike ganinta da dutse a ka, suna jerawa a gangare don ya tare ruwa, a ba su abinci ladan aiki, da wannan abincin na yi lakwal, wato makarantar boko. Har yau wuyanta ba ya juyuwa sosai.

Shekarun baya, lokacin da kason da gwamnati ke ba jami'a yana zuwa da ɗan auki, sashenmu ya nemi filin da zai yi gonar gwaji. Sannan ba ni ce shugaba ba, amma ni na ce akwai wuri a garinmu. Na je na sami ƙanen mahaifina, bari in kira shi Baba Illa, shi ke riƙe da gonakin gidanmu tun rasuwar babanmu. Ya ba da fili aro, ko sisi bai karɓa ba, sharaɗinshi guda ne, ranar da jami'a ta bar aiki a wurin fili ya koma gida. Anka kewaye da waya, anka gina rijiya, anka sa injin ban ruwa, anka ɗauki gardi da ma'aikata biyu, dukansu ƴan garin ne, gardin ma ɗan gwaggona ne. Kowace damina ɗalibanmu can suke zuwa istaj, su kwana cikin gari, su koyi aiki da hannunsu. Can kuma muke raya irin hatsi da dawa na gargajiya da munka bi ƙauyukan Keita da Bouza da Madaoua munka tattaro daga hannun tsofaffi. Ba mu da ɗakin sanyi na ajiyar iri, saboda haka dole a riƙa shibka su ana sabuntawa, in sunka daɗe a ajiye ba su tsira.

Cikin irin akwai guda da ya fito daga gidanmu. Kakata ta wajen uwa ta sha ba mu labarinshi. Ta ce zamanin Nasara, tana ƴar yarinya, fara ta cinye gonaki anka yi yunwa, mutane sunka watse, ga haraji ba a ɗaga ba. Uwarta ta zuba irin wani hatsi mai saurin nuna cikin gora, ta cakuɗa da toka, ta binne a ɗaki. Yara na kukan yunwa, suna cin ganye da ƴaƴan itace, ta ƙi tonowa, har ƙanen kakata ya rasu cikin wannan rani. Da ruwa ya sauka shi sunka shibka, shi ya fara nuna, har maƙwabta sunka samu. Kakata ba ta taɓa cewa uwarta ta yi daidai ko ta yi kuskure ba, labarin kawai take bayarwa. Na faɗi wannan ne don ku san ba zan iya cewa gonar ba ta taɓa zuciyata ba.

To kason gwamnati ya yi ta raguwa, kuma ko wanda anka yi alkawari ba ya zuwa kan lokaci, sai shekara ta yi nisa a sako wani abu a ce sauran na tafe. Ɗalibai kuwa kullum ƙaruwa suke. Da farko kar ɗin, babbar motar da ke kai yara gona, ya lalace ba a gyara ba, munka koma haya. Daga baya hayar ma ta gagara, sai wanda ya iya kai kanshi. Ma'aikatan gona su yi wata da watanni suna jira, ni ce nike shan kunyar, don in na je gida gaisuwa da su nike fara haɗuwa. A cikin jami'a kuma labonmu, ɗakin gwaje-gwaje, ya zama ɗaki kawai. Na'urar da muke auna ƙasa da ita ta tsaya tun bara, magungunan gwaji sun ƙare, firji ya mutu. Ɗaliban shekarar ƙarshe ba su iya kammala bincikensu sai da labo, kuma in ba binciken ba takardar shaida. Na bara suna nan ba su fita ba, ga na bana sun taras da su.

Watan da ya wuce shugaban tsangayarmu, doyen, ya tara mu reniyo, wato taron malamai. Ba mugun mutum ba ne, shi ma duk ya rame. Ya ce abin da ya faɗo wa sashenmu bana ba zai ɗauki gona da labo tare ba, ya juya lissafin ta kowace fuska, in anka raba biyu duka biyun za su mutu. Ya ce ni ce shugabar sashe, in kawo mishi zaɓina kafin zaman majalisar jami'a. Ban ko buɗe baki ba wani abokin aikina ya yi dariya ya ce ai kowa ya san inda Madam za ta karkata, gonar gidansu ce, ƴan uwanta ke cin albashi. Wasu sunka yi dariya, wasu sunka sunkuyar da kai. Na yi mishi magana mai zafi, shi ma ya maido, har doyen ya tashi taron. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar tashi ba ƙarya ba ce duka, ƴan uwana ne, gonar gidanmu ce. Amma shi wannan mutumin ko sau ɗaya bai taɓa taka ƙafarshi can ba.

Labari ya kai kunnen ɗalibai. Ban san wa ya gaya musu ba. Sunka zo biro ɗina, wato ofis, su da yawa, ba da rashin kunya ba, sunka tsaya bakin ƙofa. Wadda ta yi magana wata yarinya ce daga wajen Bouza, cikin na bara da ba su fita ba, tana cikin masu ƙoƙarin da na taɓa koyarwa. Ƙasar da ta ɗebo don bincikenta tana nan cikin ledoji ƙarƙashin gadonta tun bara. Ta ce, "Madam, mu ba mu ce gona ba ta da amfani ba, can na koyi duk abin da na iya. Amma babana ya bar tambayata yaushe zan ƙare, kuma wannan ya fi mini ciwo da lokacin da yake tambaya." Na ce musu na ji, su ba ni lokaci. Da sunka fita na rufe ƙofa.

Ƙarshen sati na tafi gida na sami Baba Illa. Na yi mishi bayani dalla-dalla, na roƙe shi in har anka dakatar da gonar ya ba mu shekara guda kada a taɓa filin, wataƙila baɗi kason ya gyaru. Ya saurare ni har na ƙare. Sannan ya ce ɗiyanshi biyu sun dawo daga bida, wato ci-rani, hannu wofi, ga mata ga yara, sun daɗe da sa ido kan filin saboda rijiyar, albasa suke so su yi. Ya ce don ni yake ta danne su, yana ce musu aikin gwamnati ne, amma in damina guda ta wuce ba a shibka komi ba, ba shi da bakin da zai hana su. Ya ce shi a tsawon rayuwarshi bai taɓa ganin gwamnati ta bar abu ta dawo mishi ba. Na ce to irin da munka tara fa, ya ce iri ba ya ciyar da jikokinshi yana cikin kwalba. Nan na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mishi ba tun da nike. Na ce da ba don jami'a ba da rijiyar ma babu. Ya ce da ba don filinshi ba a ina za a gina ta. Ya tashi ya shige gida, har na baro garin gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na ɗauka Inna za ta ce in riƙe gona ko ta halin ƙaƙa, don wani ɓangare na filin da hannunta ta jera duwatsunshi. Da na gaya mata sai ta ce, "Ɗiyan mutane na hannunki, ki ji tsoron Allah a kansu. Amma in kin rufe ki zo ki gaya mini da bakinki, kada in ji ga mata bakin rijiya." Washegari kuma ta ce in kai ta gonar, ita da ta daɗe ba ta fita nesa. Na kai ta a mota. Ta zauna gindin gawo tana kallon filin, sai da rana ta yi zafi ta ce mu koma. Har yanzu ban san wanne cikin biyun ne amsarta ba.

Kada ku ce ban nemi wata hanya ba. Na bi ƙungiyoyi da masu furoje, wato ayyukan tallafi, har ƙafata ta gaji, kowa ya yaba aikin, kowa ya ce su ba su biyan albashi da gazuwal, man injin, wannan na gwamnati ne, in sabon abu za mu fara mu dawo. Na yi tunanin raba irin ga manoma su riƙe mana, amma wanda ya san hatsi ya san yana gauraya da na gonar maƙwabci, cikin ƴan shekaru ya zama wani abu dabam, kuma in shekara ta yi wuya ba zan ga laifin wanda ya daka ya ci ba. Akwai wani Alhaji mai fataucin albasa daga Madaoua da ya ji labari ya aiko, ya ce zai ɗauki nauyin ma'aikata da injin in za a bar mishi rabin filin da ruwan rijiya da rani. Na kai wa doyen maganar, ya ce in yi abin da na ga ya dace amma shi bai ji ba. Kun ga ke nan ranar da ta fashe ni kaɗai ce za a ce na ba da hayar kayan jami'a. Kuma da wane ido zan dubi Baba Illa, na hana ɗiyanshi na ba baƙo?

Maigidana ya ce in ajiye shugabancin kawai, wanda ya gaje ni ya yanke, tunda hawan jini ya fara kama ni kuma yara a gida sun fara cewa Mama ba ta dariya. Wani lokaci har na kan ji daɗin wannan shawara. Amma na san wanda zai hau, shi ne mutumin da ya yi mini dariya a reniyo, kuma ranar da ya hau zai rufe gonar ba tare da ya tambayi inda za a kai irin ba. In na sauka ban tsira da komi ba, na dai ba wani wuƙar ne don kada a ga jini a hannuna.

Wallahi na gaji. Na yi karatu don in koyar, yau ga ni ina zaɓen wanda za a yanka tsakanin abu biyu da duka haƙƙin gwamnati ne ta riƙe. In na zaɓi labo, yara za su fita, gona ta tafi ba dawowa, irin da munka tara ya mutu a hankali, mutum uku su rasa abin yi, kuma na baya da za su zo su yi digirin noma ba su taɓa tsayawa cikin gona ba. In na zaɓi gona, yaran nan su ƙara shekara zaune, wasu na san ba za su dawo ba, kuma har in mutu ana cewa na fifita gidanmu.

Don Allah wanda zai ce in yi addu'a, ina yi, ku ma ku taya ni. Amma ina son wanda zai ce mini yi kaza. In rufe gonar? In riƙe ta in ba ɗalibai haƙuri? In karɓi tayin Alhajin in jira abin da zai biyo baya, ko in bi maganar maigidana in sauka? Musamman malamai da iyayen ɗalibai da ke cikin zauren nan, ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Majalisar za ta zauna sati mai zuwa. Jiya gardin gonar ya kira ni ya ce an yi ruwan farko, ƙasa ta jiƙa sosai, su shibka ko su dakata. Na ce zan kira shi. Har yanzu ban kira ba. Mi zan ce mishi?