Ina Kuka Kai Ɗan Farina?

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Dattawan Sulhu na ƙauyukanmu na bakin iyaka, ƙasar Bagudo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti, ina neman afuwa da na kawo maganata bainar jama'a. Sau huɗu ina zuwa ƙofar gidanka tun bayan babbar sallah. Sau biyu aka ce kana Birnin Kebbi, sau ɗaya aka ce kana hutawa, na huɗun kuwa ina jin tarinka a zaure aka ce mini ba ka nan. To, tunda zaure ya ƙi ni, ga takarda. Ni ce Malama Aminatu, matar marigayi amininka Malam Garba, wadda ta tsufa tana koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Geza. Tambayata guda ce: ina kuka kai ɗana na fari, yayan Hauwa? Yana raye ko ya mutu?

Na farko, ba zan wanke shi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗana ya shiga cikin mutanen dajin nan masu rawani da bindiga, ya yi shekara biyu tare da su. Yana cikin waɗanda suka zo suka kore shanun mutane da sunan zakka. Da hannunsa ya yi wa ƙanen ubansa bulala a bakin kasuwa saboda sigari. An gaya mini yana nan ranar da aka faɗa wa wani ƙauye ta wajen Kende har aka rasa rayuka, kuma da na tambaye shi ta bakin matarsa bai musa ba. Uwayen waɗanda aka kashe sun fi ni cancantar kuka, na sani, kuma kunyar haɗa ido da su ta hana ni zuwa biki da suna har yau.

Na biyu, ina so ka tuna yadda aka fara, domin kana nan aka yi. Yaron nan ɗan acaɓa ne. Kayan 'yan kasuwa yake ɗauka zuwa Dole Kaina, wani lokaci ya ƙetara cikin ƙasar Benin ya dawo da yamma, ƙura har cikin kunne, ya ajiye mini ƙullin kifi. Da aka rufe iyaka sana'a ta mutu. Ana cikin haka ɓarayi suka kwashe shanun da ubansa ya bar mana, har da saniyar da muke tatsa. Ya yi ta yawon kai ƙara har takalminsa ya tsinke, ba wanda ya ɗaga ko yatsa. Sai ga baƙin nan masu rawani sun ɓullo daga ƙetare, suka bi ɓarayin, suka maido wa mutane wasu daga cikin dabbobinsu. Wa ya shimfiɗa musu tabarma a gindin tsamiyar masallaci? Wa ya yanka musu rago, ya ce wa matasa su zauna su ji wa'azi, waɗannan bayin Allah ne? Kai ne, Alhaji, da mutanenka. Ban ce ka yi da mugun nufi ba, kowa a lokacin neman mai ceto yake. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daga zaman tsamiyar nan ɗana ya fara canzawa, a gabana, kamar nono yana tsami a ƙwarya. Ya daina bin limaminmu sallah, wai jahili ne, mutumin da ya koya masa Fatiha. Ya karɓe wayar ƙanwarsa Hauwa ya farfasa saboda waƙoƙin biki. Ya ce mini albashin da na ci na koyarwa haramun ne, ni da na ciyar da shi da albashin har ya yi gemu. Na zo na same ka a lokacin, ka tuna? Ka yi dariya ka ce zafin ƙuruciya ne, gara wa'azi da shaye-shaye. Damina ba ta ƙare ba ya hau babur ɗinsa ya bi su, ya bar matarsa Saratu da ciki.

Na uku, maganar alkawari, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Bana, bayan azumi, ya aiko wa Saratu saƙo ta hannun wata mai tallar nono cewa ya gaji. An yanka wani abokinsa a gabansa don ya ce zai koma gida, daga ranar ya gane inda ya jefa kansa. A makon ne kwamitinku ya sa aka yi shela a masallatai da kasuwanni cewa duk wanda ya ajiye makami ya dawo za a karɓe shi da aminci, a miƙa shi ga hukuma a gaban iyayensa, ba duka ba kisa. Kuka ce iyaye su zo a asirce su ba da suna.

Na zo ni kaɗai, na zauna a zaurenka, magatakardanka ya buɗe littafi ya tambaye ni sunan yaron. Na ce ɗan fari ne, Alhaji ya san shi. Kai ka raba goro ranar sunansa, kai ka riƙe ragon aka yanka. Ka san tun da na haife shi bakina bai taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaki, ko da zazzaɓi ya kusa kashe shi yana ƙarami. Haka uwata ta yi da yayana, haka taka uwar ta yi. Amma ka gyara zama ka ce mini: “Malama, sai kin faɗa da bakinki, don ya zama shaida cewa ke kika kawo shi, mu kuma muka karɓi amana.” Na sunkuyar da kai na faɗa. Wallahi sai na ji kamar an cire mini zane a tsakiyar kasuwa. Na ce ba komai, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in wannan ne kuɗin ransa na biya. Ina kallo magatakarda ya rubuta.

Ni na aika masa cewa ya taho, Alhaji ya ba da aminci, aminin ubanka ba zai ci amanarka ba. Da bakin wani ya ji da bai zo ba. Ranar Talata da hantsi ya fito daga kwalekwale a mashigin gulbi, hannu rabbana, ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki ɗiyarsa da bai taɓa gani ba. Muka taho filin makaranta inda ka ce za ka jira mu. Ba ka nan. Ko dattijo ɗaya daga kwamitinku babu. Wata mota ce a tsaye, babu lamba, da mutane biyar da ban san ko su wane ne ba. Suka fizge yarinyar daga hannunsa suka miƙa wa uwarta, suka ɗaure shi ta baya da igiyar shanu, suka jefa shi ciki. Bai yi gardama ba. Ya dai waiwayo ya dube ni, kuma na san abin da yake tsammani: ni na sayar da shi.

Na huɗu, abin da ya biyo baya ya fi wancan ciwo. Na zaga duk inda ake tsare mutane da ƙafata ta iya kaiwa, kowa ya ce ba a kawo musu shi ba. Da na tare magatakardanka a kasuwa, ya rantse mini cewa babu wannan suna a littafinku, wai ban taɓa zuwa ba. Ni ce ban zo ba? Haba Alhaji! A ce tsohuwa ta ruɗe, na yarda ana ruɗewa, amma mace ba ta manta ranar da ta ambaci ɗan farinta. Kuma ka sani, uwaye uku a yankinmu suna shirin zuwa wurinka da sunayen 'ya'yansu. Da suka ga abin da ya same ni kowaccensu ta fasa zuwa. 'Ya'yansu suna can daji har yanzu da bindiga, kuma ba wanda zai sake yarda ya fito.

Don haka ga roƙona. Ka fito da littafin nan a gaban liman da dattawa a buɗe shafin. Ka faɗi su wane ne suka zo da motar, da wanda ya gaya musu rana da wuri, tunda ni da kai da magatakarda da Saratu kaɗai muka sani. In yana raye, a kai shi gaban alƙali, a kira waɗanda ya zalunta su faɗi nasu, duk hukuncin da aka yanke ba za ka ji bakina ba. Ban nemi a sake shi ba, abin da kuka yi shela da shi kawai na nema.

In kuwa an kashe shi, ka daure ka aiko a gaya mana. Saratu tana nan a ɗakina wata na uku, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Jiya ta wanke lallen hannunta, ta cire 'yan kunne, ta tambaye ni ko ta fara ƙirga kwanaki. Ni kaina in na idar da sallah sai in ɗaga hannu in tsaya, ban san ko shiriya zan roƙa masa ba ko gafarar kabari.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuriyarka a gabanka, ya ba ka ƙarfin halin faɗin gaskiya tun kana da bakin faɗinta. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe a ƙasarmu, har da waɗanda ɗana yake da hannu a jininsu. Muna gida, ni da Saratu, muna jiran ɗan aikenka.

Wassalam.

Malama Aminatu, uwar Hauwa,
daga gefen Geza, ƙasar Bagudo.